Inuwar Mai Jego

Kofin shayi ne ya fara faɗuwa. Kaniz na tsugune gaban murhu tana juya gurasar roti, ta ji ƙarar, ta waiwaya, ta ga ɗanta Tanwir yana kallon hannunsa kamar na aro ne. Shekararsa tara. Ta yi masa faɗa, ta share wurin, ta manta. Lokacin tsinkar auduga ne, kuma a ƙauyen Basti Karam in auduga ta buɗe baki ba mai tsayawa jimamin kofi.

Bayan kofi sai makaranta. Malaminsu ya tare mijinta Shabbir a bakin kanti, ya ce yaron da ke karanta wa 'yan aji ya koma ba ya iya ɗora sunansa a kan layi. Shabbir mai gyaran injin ban-ruwa ne, ba mai yawan magana ba. Ya dawo gida ya cire takalmi.

"Ƙwallon kurket ce ta cinye masa kai," in ji shi. "Yau zan fitar da ita."

Ya dake shi. Tanwir bai yi kuka ba. Dariya ya yi, wata irin dariya mara dalili, yawu na bin haɓarsa. Wannan dariyar ce ta hana Kaniz cin abinci ran nan.

Daga nan zabura ta zo. Yana zaune sai kansa ya faɗi gaba kamar mai gyangyaɗi, kafaɗa ta fizga, sai ya dawo daidai. Jim kaɗan ta sake zuwa. In yana tsaye sai gwiwa ta saki, ya zube. Goshinsa ya cika da tabo. In ya yi barci sai abin ya kwanta, in ya farka ya farka tare da shi.

Suka kai shi wurin wani likita a garin kasuwa. Likitan ya duba idonsa, ya buga gwiwarsa.

"Ya taɓa yin ƙyanda yana ƙarami?"

"Bai taɓa ba," in ji Kaniz.

"Kin tabbata, Bibi?"

"Ni na haife shi, Dakta sahib."

Likita ya dubi Shabbir. Shabbir ya dubi fankar da ke juyawa a sama.

"Uwarsa ta fi ni sani."

"To mun huta da wannan," in ji likita. "Farfaɗiya ce." Ya rubuta maganin sha.

Maganin ya sa yaron barci, bai taɓa zaburar ba. Masi Wasai, uwar Shabbir kuma yayar mahaifiyar Kaniz, ta ce dama ba ciwon asibiti ba ne. Ta ɗauke shi zuwa hubbaren da ke bayan kwata, inda wani pir, malamin hubbaren, ya ce aljanar ruwa ce ta hau shi. Aka turara masa barkono har idonsa ya kumbura, aka rataya masa layu har wuyansa ya yi nauyi. Matan unguwa kuwa sun riga sun yanke hukunci: uwar da ke barin ɗanta ya bi ta maƙabarta da tsakar rana don ta cika buhun auduga, me take jira? Kaniz ta ji, ta haɗiye. Wani lokacin ma ta yarda da su.

Sanyi ya zo ya wuce. Alkama ta fara ja. Tanwir ya daina kai loma bakinsa da kansa. Ƙanwarsa Sidra ce ke riƙe masa kofin lassi, nonon da aka dama da ruwa. Kaniz ta ce birnin Multan za ta, ko da ƙafa ne. Shabbir bai ce a'a ba. Bai ce i ba. Ya saɓa yaron a kafaɗa suka shiga mota.

A babban asibiti aka tura su wurin likitar ƙwaƙwalwar yara, Dakta Nargis, wata 'yar ƙaramar mace mai furfura. Ba ta taɓa yaron ba da farko. Ta zaunar da shi a kan gado ta zuba masa ido, yatsanta ɗaya a kan tebur. Ta buga teburin, sai kansa ya faɗi. Shiru. Ta sake bugawa, ya sake faɗuwa. Kaniz ta zuba mata ido. Matar nan ta san lokacin da abin zai zo, kafin ya zo. Wata da watanni kowa na cewa abin na zuwa ne yadda ya ga dama, ashe da ƙa'idarsa yake tafe.

"An yi masa rigakafi?"

"Masu ɗiga magani a baki ba su taɓa tsallake gidanmu ba."

"Wannan na shan-inna ne. Allura nake nufi, ta wata tara."

Kaniz ta yi tunani. Shekarar ambaliya ce, hanya ta yanke, ba wanda ya zo. Ta girgiza kai.

"Ƙyanda fa? Kafin ya kai shekara biyu?"

"Dakta sahiba, an tambaye ni wannan. Bai yi ba. Ko ƙurjin zafi ya fito masa na sani."

"Kai fa, baban yaro?"

"Uwarsa ta fi ni sani," in ji Shabbir.

Aka ba su gado. Aka shafa wa Tanwir wani abu mai danƙo a kai, aka liƙa masa wayoyi kamar za a ja masa wuta. Washegari da hantsi Dakta Nargis ta zo bakin gadon.

"Na ga tafiyar ƙwaƙwalwarsa. Tana tafiya shiru, sai ta yi tsawa, sai shiru, sai tsawa, a kan lokaci. Cuta ɗaya na sani mai irin wannan tafiya, kuma ƙyanda ce ke haifar ta. Ƙwayar ba ta fita duka, sai ta ɓuya a kai, ta yi shekaru tana barci. Ba kasafai ake ganinta ba. Ke kuma kin ce bai yi ƙyanda ba. To ko dai ni ce na ɓata hanya, ko kuwa ta zo ta wuce ba ku gane ta ba. Ina so in ɗebi ruwan bayansa. In ƙyanda ta taɓa shiga, ruwan zai faɗa."

"A'a," in ji Shabbir.

Kaniz ta juya ta dube shi. Tunda ciwon nan ya fara ba ta ji ya yi magana da wannan saurin ba.

"Ba za a taɓa bayan ɗana ba. Ɗan Fazal mai amalanke an ɗebi nasa, yau da gindi yake tafiya."

"Ciwon da ya kawo shi ne ya gurgunta shi, ba allura ba," in ji likita. "Ku yi shawara. In ban san sunan abin ba, a duhu zan yi ta ba shi magani."

Ita ma Kaniz tana tsoron ruwan baya. Kowa a ƙauye ya san labarin wani da aka ɗebi nasa bai sake miƙewa ba. Ta kalli ƙafafun Tanwir, sirara, har yanzu suna ɗan taka ƙasa in an riƙe shi. Ta kalli kansa yana faɗuwa. Ba ta san wanne za ta zaɓa ba.

"Baban Tanwir, in ba a duba ba, me za mu koma gida da shi?"

"Da ɗanmu a kan ƙafarsa."

"Wace ƙafa?"

Shabbir ya fita waje ya kira uwarsa a waya. Ya san in Masi ta zo, magana ta ƙare.

Masi Wasai ta iso kashegari da ƙunshin roti da man shanu a gwangwani. Tun daga ƙofa ɗakin ya san ta zo.

"Kai, wannan asibiti ne ko tashar mota? Ke mai jan mayafi, janye ƙafarki, ba gonar ubanki ba ce. Ina jikana? Wayyo angona, dubi yadda suka mayar da kai. Me suka shafa maka a ka, kunu?"

Matar gadon kusa ta yi dariya. "Masi, da ƙarfinki kika zo."

"Da na bar shi a gida wa zai ɗauko mini? Ke Kaniz, kin ga idonki kuwa? Kamar kwarkwata ta yi miki aure. Ci roti. Ba wanda zai soka wa yaron nan allura a baya ina numfashi."

Tana cikin ɓare roti Dakta Nargis ta shigo zagaye, ɗalibai biyu a bayanta. Masi ta miƙe ta gyara mayafi, ta tare ta.

"Ke ce mai son ruwan baya? 'Yata, kin yi karatu, Allah ya ƙara. Amma mu ma mun raini yara. Wannan da kike gani, ba irin na allura ba ne. Jininmu ne, mai tauri. Yaron da ya ci ƙyanda ya tashi ba likita ba allura, shi za ki ce sai kin huda?"

Dakta Nargis ta tsaya cak.

"Ƙyanda, Masi? Yaushe?"

"Yana tatata. Ta fito masa sarai, har tafin ƙafa, har cikin baki. Ni na yi jinyarsa da hannun nan. Na rataya darbejiya a ƙofa, na lulluɓe shi da jan zane, na hana suya a gidan, na yi ta ba shi ruwan zabibi har ta gama fitowa. Ko makaho ya ga yadda ya warke."

"Masi," in ji Kaniz. Muryarta ta fito siririya. "Wane yaro kike nufi?"

"Wane yaro gare ki? Lokacin da kika tafi gidanku haihuwar Sidra mana." Tsohuwar ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. "To, ba a gaya miki ba, gaskiya ne. Da an gaya miki da kin kwaso jini a jiki kin taho, inuwarki ta faɗa masa, ƙyandar ta koma ciki. Mai jego ba ta shiga kan mai ƙyanda, wa bai san wannan ba? Don shi muka yi. Abin da ya wuce shekara da shekaru, ke ma kya wani zare ido."

Kaniz ta tuna. Ta tafi da cikin Sidra, ta bar Tanwir wurin Masi don ya saba da yaye. Bayan suna ta ce a kawo mata shi ta gani. Shabbir ya zo shi kaɗai da kwalin alewa, ya ce gada ta lalace, ba a bi da yaro. Ya sake zuwa ya ce yaron na can yana wasa, ya ƙi biyo shi. Da ta gama arba'in ta koma, ta tarar da ɗanta ya rame, fatarsa na saɓa kamar garin dusa. Aka ce haƙori ne da kewar nono. Ta yi kuka ta ce laifinta ne da ta yaye shi da wuri.

Ba Masi ta kalla ba. Masi ba ta san an yi tambaya ba, ba ta taɓa shiga ɗakin likita da su ba. Shabbir ta kalla. Yana tsaye jikin taga, hannunsa a aljihu, fuskarsa ta yi fari kamar auduga.

"Haba Inna," ya ce wa uwarsa a hankali, "wa ya tambaye ki?"

"Au, asiri ne har yanzu?" in ji tsohuwar. Ta dubi ɗanta, ta dubi Kaniz, rotin na hannunta.

Kaniz ta fita baranda. Ya biyo ta. Ƙasa ana ta hayaniyar riksha, kekunan haya masu ƙafa uku, da masu sayar da lemo.

"Uwar Tanwir."

"Likitan gari ya tambaya. Kana tsaye."

"Na ɗauka ba ta da alaƙa. Ƙyanda ce fa, kowane yaro na yi."

"Ya ce mun huta da wannan. Kana ji ya ce mun huta. Wannan ma ta tambaya, ta kalle ka ido cikin ido. Ka ce uwarsa ta fi ka sani."

"Na rantse wa tsohuwa tun lokacin ba zan faɗa ba."

"Ga tsohuwar can tana shelarsa kamar ta ci gasa."

Ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Da farko rantsuwa ce," in ji shi. "Daga baya kuma, in na faɗa, sai ki ce me ya sa ban faɗa wa na farko ba. Kullum sai abin ya ƙara nauyi."

"Shi ya sa ka hana ruwan baya."

"Ina tsoron ƙafarsa."

"Ƙafarsa ko bakin ruwan?"

Ya kau da kai ya dubi titi.

"Na tsaya gaban likita na rantse da haihuwata," in ji Kaniz. "Ni na rufe ƙofar da hannuna, kai ka miƙo mini kwaɗon. Mata suka ce ni na kai shi maƙabarta, ka ji, ka ci abincinka. Aka turara masa barkono kana riƙe da ƙafarsa."

"Yi ƙasa da murya, mutane na kallo."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ɗan yayar uwarta ne. Tare suka yi wasan ƙasa. Ta koma ciki.

Dakta Nargis na nan bakin gadon. Kaniz ta ce, "Sai uba ne ke ba da izini?"

"Uwa ma ta isa."

"To ɗebi."

Masi ta buɗe baki za ta yi magana, Kaniz ta juyo, tsohuwar ta rufe shi. A wani ƙaramin ɗaki aka kwantar da Tanwir a gefe, aka naɗe shi gwiwa a ƙirji kamar yana ciki. Kaniz ta riƙe kansa ta sa bakinta a kunnensa. Likita ta jira zabura ta zo ta wuce, sannan ta soka. Ruwan ya ɗiga cikin 'yar kwalba, fari tas kamar hawaye. Kaniz ta yi mamakin yadda abu mai tsabta haka zai ɗauki magana mai nauyi. Da yamma ta tsayar da shi, ƙafarsa ta taka ƙasa yadda take takawa jiya.

Sakamakon ya ɗauki kwanaki. Masi ta koma gida wurin Sidra. Shabbir na kwana a farfajiya cikin maza, da safe ya kawo shayi ya ajiye a gefen gado. Kaniz ba ta sha. In ya huce ta ba matar gadon kusa.

Ran da sakamakon ya fito, Dakta Nargis ta kira su ofis su biyu, ta rufe ƙofa.

"Ita ce. Ruwan cike yake da alamar ƙyanda. Mu likitoci muna taƙaita sunanta da haruffa huɗu, SSPE. Ba aljani ba ne, ba maƙabarta ba ce, ba kuma abin da kika yi ko kika bari. Ba ta yaɗuwa, kowa na iya cin abinci da shi. Ku kai ƙanwarsa a yi mata allurar ƙyanda, ko ta girma."

"Maganin fa?" in ji Kaniz.

Likita ba ta kauce wa idonta ba.

"Akwai wanda zai rage zaburar. Akwai wanda muke gwadawa ko zai ja mata birki, wani yaron ya kan samu lokaci. Wanda zai fitar da ita babu. A hankali zai daina tafiya, zai daina magana. Za a koya miki yadda za ki ciyar da shi kada ya shaƙe."

Kaniz ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana neman sunan nan. Ga shi an ba ta, ba abin da za ta saya da shi.

Shabbir ya matso gaba a kujera.

"Dakta sahiba, da an faɗa tun farko, da an san ya yi ƙyandar... da ya warke?"

"Da wuya," in ji likita. "Da dai an fara abin da za a fara da wuri, an kuma bar wahalar da shi. Amma warkewa, da wuya."

Shabbir ya saki numfashi. Kaɗan ne, kafaɗarsa ce ta ɗan sauka. Kaniz ta gani. An gaya masa ɗansa zai mutu, an gaya masa ba shi ya kashe shi ba, kuma ta biyun ce ta fara isa zuciyarsa.

Aka sallame su da rana tsaka. Ta ɗaure kayansu a zane, ta goge wa Tanwir baki, ta cire layun wuyansa ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwandon shara. Ta sunkuya za ta ɗauke shi. Ya yi mata nauyi, jikinsa ya sake, zabura ɗaya ta kusa kayar da su duka. Shabbir ya miƙo hannu. Ta tsaya. A ƙauye akwai ɗagawa, akwai wanka, akwai juyawa a kan gadon igiya, kuma ba ta da wani bayan da zai ɗauki wannan nauyin sai nasa. Ta ja da baya ta bar shi ya saɓa yaron.

Suka sauko matakala, shi a gaba, ita a baya da ƙunshi. Kan Tanwir na kan kafaɗar ubansa, idonsa a buɗe, yana kallonta ko yana kallon bangon bayanta, ba ta iya rabewa.

A bakin ƙofar asibiti, suna jiran riksha, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Lokacin da yake kwance cikin jan zanen nan. Ya neme ni?"

Shabbir ya gyara riƙon yaron.

"Uwar Tanwir, bari mu isa gida."

"Ya neme ni?"

"Har muryarsa ta dushe," in ji shi. "Ammi, Ammi. Yana kallon ƙofa."

Riksha ta tsaya. Mai riksha ya leƙo. "Tasha ne, Baji? Ku shigo, rana na cin mutum."

Ta shiga ta zauna a can ƙarshe, ta karɓi ƙafafun ɗanta ta ɗora a cinyarta, ta sa ƙunshin kayan tsakaninta da mijinta.